Cigiyar Kalilu na Babban Mutum

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan magariba

Yau Baba Sha'aban ya yi shirinsa na ƙarshe. Shekara talatin da ɗaya yana gabatar da "Wa Ya Gani?" a tasharmu ta nan Daura, ni kuma shekara tara ina zaune bayan gilashi ina miƙa masa takardun cigiya: saniya ta ɓata a Dutsi, babur a kasuwar Mai'adua, tsoho ya fita masallaci bai dawo ba. An sha lemo, an ci cincin, an ba shi agogon bango. Manaja Mahdi ya yi jawabi mai tsawo, rabinsa a kan kansa.

Baba ya rufe shirin yadda ya saba rufewa tun kafin a ɗauke ni aiki, da cigiyar wani ɗan garin Babban Mutum: "Kalilu na Babban Mutum, mahaifiyarka ta ce ƙofa a buɗe take." Harisu injiniya ya kashe jar fitila. Ƙaramar wayar shirin ta yi ƙara, Baba ya ɗauka, ya saurara kamar minti ɗaya, ya ce, "To, madalla. Allah ya kai mu." Duk shekarun nan na ɗauka uwargidansa ce take tambaya ko ya taso.

Da zai tafi ya ba ni gwangwanin da yake tara katunan tsofaffin cigiya, ya ɗora wayar a kai.

"Raihanatu, in kin rufe ranar Alhamis za ta yi ƙara. Ki ɗauka. Kada ki tambayi ko wane ne."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Litinin, 4 ga Agusta, azahar

Manaja Mahdi ya kira ni ofis. Ya ba ni mako huɗu in nuna shirin zai rayu ba tare da Baba ba, in ba haka ba masu tallan taki suna son lokacin. Ya ce yanzu in akuya ta ɓata, kafin mu kunna makirufo an yaɗa hotonta a waya. Ban ce ƙarya yake ba. Na ce masa waɗanda suke sauraronmu a ruga da gona ba su da irin wayarsa.

Ya kuma ce tsofaffin cigiya sun isa haka. Kati goma sha ɗaya ne a gwangwanin, wasu sun fi shekara ashirin. In bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda mai shi ba ya raye a cire. "Gidan rediyo muke, Raihana, ba ɗakin ajiya ba."

Ƙa'idar Baba ita ce ba a rufe cigiya sai wanda ya kawo ta ya zo da ƙafarsa ya ce an gani.

Alhamis, 7 ga Agusta, ƙarfe bakwai saura

Na zauna a kujerarsa. Ta lotsa daidai jikinsa, ni kuma sai zamewa nake. A cigiyar farko na ce jan sa maimakon jar saniya, Harisu ya rufe baki yana dariya ta bayan gilashi. Da na kai ƙarshe na karanta na Kalilu. Ban taɓa sanin jimlar tana da nauyi a baki ba sai yau.

Wayar ta yi ƙara. Lambar Nijar ce. Na yi sallama, ba a amsa ba. Akwai mutum a can, ina jin numfashinsa, ina jin iska, da kukan shanu daga nesa, da wani yana jan guga. Na ce, "Allah ya kai mu," don ban san abin da zan ce ba. Aka kashe.

Baba ya ce kada in tambaya, bai ce kada in kira ba. Na kira lambar. Wani mai shayi ya ɗauka, ya ce wani bawan Allah mai shanu ne ya ari wayarsa, kuma ya riga ya wuce. Na duba jerin kiran da suka shigo. Kowace Alhamis ƙarfe shida da 'yan mintuna, kowace Alhamis lamba daban.

Juma'a, 8 ga Agusta, hantsi

Na kira Baba sau uku. An ce yana gona.

Talata, 12 ga Agusta, la'asar

Na dawo daga Babban Mutum. Ban cire takalmi ba na zauna rubutun nan.

Katin ya ce: Haulatu, mai ƙosai, bayan masallacin Juma'a, ɗanta Kalilu. Bana shekara goma sha tara ke nan da fitarsa. Gidan bai yi wuyar samu ba. Zauren ba shi da ƙyaure. Ƙyauren yana jingine da bango daga ciki, gara ta ci gindinsa, an ɗora shi a kan duwatsu biyu.

Wata mata ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce sunanta Kubura, ƙanwar Kalilu. Na ce daga gidan rediyo nake, na zo gaida Inna Haulatu. Ta daɗe tana kallona.

"Inna ai ta rasu. Wannan daminar ta cika shekara huɗu."

Na ce to, ba a sanar da mu ba. Ta ce Malam Sha'aban da kansa ya zo ta'aziyya ranar uku, har ya kawo goro.

Ta ce Inna ce ta sa aka cire ƙyauren a shekarar da ya tafi, don kada ya zo da dare ya tarar a rufe ya juya. Na tambayi abin da ya fitar da shi. Ta ce, "Tun ranar rijiyar nan bai sake kwana a garin nan ba. Mutanen ma sun yafe tun tuni." Ta gyara ɗankwalinta, ta kalli wani wuri. Ban san wace rijiya ba, ban kuma ƙara tambaya ba.

Da ta rako ni ta nuna mini gabas da gari, wajen wata aduwa, ta ce can aka sa Inna, kusa da mahaifinsu. Sai ta ce, "Duk Alhamis sai Inna ta tashi ta yi magana a rediyo. In kashe ba na iyawa, in saurara ba na iyawa."

A mota wata mata tana ta ba ni labarin tsadar gero. Ni kuwa Zariya nake tunani. Ba zan rubuta maganar Zariya ba.

Laraba, 13 ga Agusta, yamma

Na je gidan Baba ban yi waya ba, don kada a ce yana gona. Na same shi a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Agogon da aka ba shi yana cikin kwalinsa a kan buhun masara.

"Baba, kun san ta rasu."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kin je ke nan."

Ya ce kiran ya fara ne shekara ta biyu da kawo cigiyar. Bai taɓa jin muryar mutumin ba, amma ya san shi ne. Mutum ya yi shekara goma sha bakwai yana aron wayar mutane don kawai ya nuna ya ji. Ya ce da ya je duba Inna Haulatu a ciwonta na ƙarshe ta riƙe masa hannun riga ta ce kada ya daina.

Na ce ta ce kada ku daina kiransa, ba ta ce ku ɓoye masa mutuwarta ba.

"Na sani, 'yar nan. Alhamis ɗin farko na rubuta sanarwar rasuwar da hannuna. Da na kai wurin sai bakina ya bi tsohuwar hanya. Na ce mako mai zuwa. Ga shi mako mai zuwan ya kai ni ritaya." Ya ajiye fartanyar. "Abu ɗaya ya rage wa Kalilu a duniya. In na faɗa, wayar za ta daina ƙara, daga nan kuma ba wanda zai san yana raye."

Na so in yi fushi sosai. Mutumin da ya koya mini cewa ko launin wutsiyar akuya ba a ƙara wa cigiya. Amma ya tsufa a mako biyun nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da zan tafi ya ce, "Na bar miki kaya, na sani. Ki yafe mini."

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan shiri

Na karanta. Ina sane na karanta.

An kira. Yau ba shanu, sai ruwan sama a kan kwano. Na ce Allah ya kai mu. Kafin ya kashe na ji ya sauke numfashi, irin na wanda ya ajiye kaya.

Asabar, 16 ga Agusta, safe

Na bi sauran katunan goma. Uku masu su sun rasu, biyu sun ƙaura, wani ya ce ai raƙumin ya dawo da kansa tun zamanin da, kunya ce ta hana shi zuwa ya faɗa. Na yi dariya har da hawaye. Daga baya hawayen ya ƙi tsayawa.

Talata, 19 ga Agusta, azahar

Na wuce ta situdiyo babu kowa, na ga kamar akwai mutum a kujerar. Rigar ruwan Harisu ce.

Alhamis, 21 ga Agusta, magariba

Ban karanta ba. Na ja cigiyar wasu tumaki har lokaci ya ƙure, Harisu yana nuna mini agogo, na yi sallama na rufe. Na ce wa kaina ba ƙarya na yi ba, ba kuma gaskiya na faɗa ba, ai shi ke nan.

Wayar ta yi ƙara kafin jar fitila ta mutu. Na ƙyale ta. Ta katse, ta sake. Sau biyar. Harisu ya ce, "Hajiya, ki ɗauka mana, ko ni in ɗauka?" Na ɗauka. Numfashin yana fita da sauri, kamar wanda ya yi gudu ya nemo wayar.

Na ce, "Lokaci ne ya ƙure mana. Tana nan lafiya. Tana gaishe ka."

Da bakina na faɗa. Ba wanda ya sa ni. Baba a shekara huɗu bai taɓa kai nan ba.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

To, bari in rubuta.

Ina shekarar ƙarshe a makaranta a Zariya Babanmu ya rasu. Gida suka zauna suka yanke kada a gaya mini sai na gama jarrabawa. Yaya Yazid, babban wanmu, shi aka ɗora wa kirana. Kowace Juma'a bayan masallaci sai ya kira ya ce, "Baba yana gaishe ki, ya ce ki dage." In na ce a ba shi wayar sai a ce ya fita, ko yana barci. Mako bakwai. Da na gama na shiga kasuwa na saya masa hula mai ruwan ƙasa, irin wadda yake so. Da ita a hannuna na shiga gida na tarar an kwashe kayan ɗakinsa.

Kowa ya ce don alherina aka yi. Na ci jarrabawar kuwa. Amma mako bakwai ina dariya, ina cin abinci, ina yi masa addu'ar masu rai. Ban yi masa ta matattu ba lokacin da ya fi bukata. Wannan ne ban taɓa yafewa ba. Shekara goma sha biyu ina gaida Yaya Yazid da baki kawai.

Ɗazu na kira shi. Na ce ba faɗa na kira mu yi ba, tambaya ce: yaya ya ji a lokacin?

"Kin ɗauka daɗi na ji? Tun daga lokacin ban ƙara son ranar Juma'a ba, Raihana. Na farko ne mai wuya. Daga shi sai ka ga ba ka san ta inda za ka fita ba."

Na ce na gane. Ya ce a'a, ba ki gane ba, Allah kada ya sa ki gane. Ban gaya masa abin da na yi jiya ba.

Litinin, 25 ga Agusta, ƙarfe biyu

Na kai wa Manaja Mahdi jerin katunan, na gaya masa komai. Ya tashi ya rufe ƙofar ofis.

Ya ce a cire katin shiru, kada a ƙara ambatonsa. Na ce in aka yi shiru mutumin zai yi ta kira, ni kuma zan yi ta ƙarya. Ya ce to a kashe wayar. Na ce ina so in sanar da rasuwar a cikin shirin, in faɗi shekarar da ta rasu.

"Ki fita ki gaya wa Daura da kewaye cewa shekara huɗu muna karanta saƙon matacciya? Shirin nan amana kaɗai yake da ita. In kika yi haka ba ni zan rufe shi ba, ke kika rufe shi."

Ba mugun mutum ba ne. Abin haushin ma, yana da gaskiya. Wa zai ƙara yarda in na ce an ga saniya a Dutsi? Kuma sunan Baba, wanda mutane ke tsayar da shi a kasuwa su gaishe shi da hannu biyu.

Talata, 26 ga Agusta, hantsi

Hular tana ƙasan akwatina. Na fito da ita, na mayar.

Laraba, 27 ga Agusta, la'asar

Na kira Kubura ta wayar maƙwabcinsu. Na gaya mata ana kira duk Alhamis. Ba ta taɓa sani ba. Baba bai gaya musu ba, wai kada ya sa musu rai a kan numfashi kawai. Ta yi ta maimaita, "Yana da rai ke nan. Yana da rai ke nan." Sai ta ce, "Inna ta mutu ba ta sani ba," daga nan na bar ta ta yi kukanta.

Da ta natsu na tambaye ta me take so in yi, tunda cigiyar ta gidansu ce.

"Ki gaya masa. Uwarsa ce, yana da hakkin ya yi mata addu'a. Ki ce ni na ce. Ki ce ƙyauren yana nan inda ta jingine shi."

Na aika wa Baba saƙo cewa gobe ya kunna rediyo ko kada ya kunna, duk wanda ya fi masa sauƙi.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan magariba

Cigiya tara na karanta. Jaki, awaki biyu, katin ɗan ƙasa da aka tsinta a tasha, da sauransu. Saura minti uku na ajiye takardun.

Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce, "Kalilu na Babban Mutum, mahaifiyarka Haulatu Allah ya yi mata rasuwa shekara huɗu da suka wuce, da damina. Mun sani, ba mu gaya maka ba. Makon jiya na ce maka tana lafiya, ƙarya na yi, ka yafe mini. Ta rasu tana cewa kada a daina kiranka. Ƙanwarka Kubura ta ce ƙyauren yana nan inda Inna ta jingine shi."

Harisu ya manta bai sa kiɗan rufewa ba. Daƙiƙa goma tasha ba ta fitar da komai ba.

Wayar ba ta yi ƙara ba. Na zauna ina kallonta. Harisu ya naɗe wayoyinsa, ya ce in ina so zai jira, na ce ya tafi. Manaja ya leƙo, ya dube ni, ya ja ƙofar. Shida da kwata. Shida da rabi. Na ce Baba ya yi gaskiya, na yanke igiyar da ta rage, yanzu ba uwa, ba shiri, ba wanda ya san inda yake.

Ana kiran magariba ta yi ƙara. Ba iska, ba shanu. Sai murya, ta dattijo, a shaƙe. Ni kullum saurayi nake gani a raina, na manta shekara goma sha tara ta bi ta kansa.

"A ina aka sa ta?"

Na ce gabas da gari, wajen aduwa, kusa da mahaifinku. Ya ce, "To." Ya kashe.

Litinin, 1 ga Satumba, azahar

Takarda ta fito. An dakatar da "Wa Ya Gani?" har sai an sake nazari. Kowa ya san abin da sake nazari yake nufi a gidan nan. An mayar da ni ɗakin labarai. Ba wanda ya tambayi gwangwanin ko wayar, ni ma ban tuna musu ba.

Wani mai kayan miya ya ce mini ashe haka kuke. Wata tsohuwa a bakin asibiti ta kama hannuna ta riƙe. Baba ya aiko jikarsa da ɗanyar masara guda shida, ba saƙo.

Laraba, 3 ga Satumba, yamma

Kubura ta kira. Ta ce jiya da sassafe masu zuwa gona sun ga wani dogon mutum da sanda a maƙabarta. Ya nome ciyawar kabarin Inna da na mahaifinsu, ya gyara ƙasar da ruwa ya zaizaye, ya saro ƙaya sabuwa ya ɗora. Bai shigo gari ba. Sawunsa ya yi arewa.

Ta ce, "Gobe in kin buɗe shirin ki gaya masa na ga aikinsa. Ki ce ya ƙaraso, tafiyar ba ta kai ta minti biyar ba."

Na ji "to" ta taho bakina, na san hanyar nan. Na haɗiye ta. Na ce, Kubura, babu shirin, an rufe.

Ta ce, "To yanzu ta ina za a kira shi?"

Alhamis, 4 ga Satumba, ƙarfe shida da minti ashirin

Ina gida. Na kunna rediyo ƙarfe biyar, tallan taki ne da kiɗa har shida. Na sa wayar a caji tun safe, na ajiye ta a kan tabarma kusa da hular Babanmu, ban san dalilin da ya sa na fito da hular ba. Ba a karanta sunan kowa ba yau, don haka ba shi da abin da zai amsa.

Shida da minti bakwai ta yi ƙara. Lambar Nijar.

Na ɗauka, na yi sallama, na ce, "Kalilu, ni ce Raihana. Kada ka kashe, Kubura ta ba ni saƙo."

Ya amsa sallamar.